Yadda Malam Bincike Ya Kwantar wa 'Yan Haya Hankali

Malam Bincike ya shigo falo da waya a hannu, ya tsaya a kan matarsa tana linke kayan yara, ya ce, "Maman yara, ajiye wannan. Na gano abin da ke damun gidan nan."

"Kai ne," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Launi ne."

Ba da wannan sunan aka haife shi ba. Sunan ya manne masa ne saboda ba ya iya buɗe baki bai ce "bincike ya nuna" ba. Ko gishiri zai ce a miƙo masa, sai bincike ya nuna wani abu tukuna. Waye ya yi binciken, a ina, yaushe, wannan ba a tambayarsa, don amsar tana kaiwa har azahar.

Gidan kuwa bene ne na yayarsa, wadda kowa ke kira Yaya Babba. Ita ta sa shi kula da gidan: ya kunna injin ruwa, ya canza ƙwan fitila, ya saurari ƙorafin 'yan haya, shi kuma ya zauna da iyalinsa a ɓangaren ƙasa. Kafin nan ta taɓa ba shi riƙon gonar kajinta a bayan gari. A can ne ya kunna wa kaji rediyo ba dare ba rana, don bincike ya nuna kiɗa yana ƙara ƙwai. Kajin suka daina ƙwai gaba ɗaya, suka koma tsayuwa suna kallon bango.

'Yan hayan uku ne. Sista ma'aikaciyar jinya ce, aikin dare take yi, da rana take barci a ɗakinta na ƙasa. Tela yana sama, daidai saitin gadonta, yana taka keken ɗinki tun safe. Kusa da shi Hedimasta ne, tsoho mai ritaya, mai farin gemu da fararen kaya, wanda har yanzu yake ganin matakalar gidan kamar filin makarantarsa. Kullum Tela zai taka keke, Sista ta daki silin da sandar mofa, Tela ya ƙara da rediyo, Hedimasta ya fito ya ce kowa ya yi shiru, su biyun su haɗu su koma kansa. Da abin ya ishi Sista, ta buga wa Yaya Babba waya ta ce za ta tashi.

Yaya Babba ba ta da dogon zance. Ta kira ƙanenta ta ce, "Asabar ɗin ƙarshen wata ina nan zuwa. In na tarar da mutum ɗaya yana ɗaga murya a gidan nan, ka tattara iyalinka ku koma gona. Ɗakin mai gadi yana nan babu kowa."

Maman yara ta san ɗakin nan. Sai da ta zubar da labule da katifa kafin warin kaji ya rabu da ita. Shi ya sa da mijinta ya ce launi ne, ta ajiye rigar da ke hannunta ta dube shi sosai.

"Bincike ya nuna," ya ce, "shuɗi yana kwantar da hankali. Yana rage gudun zuciya, yana sauko da hawan jini, yana kawo barci. Yanzu dubi bangon gidan nan. Ja-ja ne. Shi ke tunzura su. Mutanen kirki ne, bango ne ya ɓata su."

"Bangon ne ke taka keke?"

"Kin taɓa ganin mutum ya ɗaga kai ya kalli sararin sama yana zagi?"

"Kai. Ranar da ruwa ya daki takardunka."

"Ran nan sama baƙa ce. To kifi fa? Yana cikin shuɗin ruwa tun haihuwa. Kin taɓa ganin kifi yana faɗa?"

"Cinye junansu suke yi."

"Cikin natsuwa suke yi," in ji Malam Bincike. "Ki zuba ido kawai. Kafin Yaya ta zo, sai an riƙa zuwa gidan nan daga nesa ana ɗaukar darasi."

Washegari ya sayo fentin mai, shuɗi mai kauri. Ya shafe bangon matakala, ya shafe ƙarfen dafawa, ya shafe matakan kansu, ya fito tsakar gida ya shafe bencin da ake zama. Maman yara ta ce ya rubuta ko 'yar takarda ya manna, a san fentin bai bushe ba. Ya ce gargaɗi yana tayar da hankali, shi kuwa kwantarwa ya zo yi.

Tela ne ya fara saukowa, da farar rigar wata mata a kafaɗa, za shi kai mata. Ya dafa ƙarfe, ya ji danƙo, ya yi maza ya goge hannun a abu mafi kusa da shi. Ihun da ya yi ya tashi Sista. Ta fito ba takalmi, ido a rufe, ta hau matakala don ta same shi, ta sauko ta bar sawu shuɗaye har bakin gadonta. Hedimasta ya sauko ta gefen bango, kafaɗarsa na sharar fenti, ya ce kowa ya tsaya, shi zai yi shari'a. Ya gyara babbar rigarsa ya zauna a benci. Da ya zo tashi, bencin ya ɗan biyo shi.

"Malam, kai mahaukacin ina ne?" in ji Tela, yana girgiza rigar a fuskarsa. "Matar nan da yamma za ta saka! Me zan ce mata?"

"Ka ce mata ta kalli wurin tana numfashi a hankali."

"Wallahi in ba don Yaya Babba ba, da yau na ɗinke bakin nan naka!"

Malam Bincike ya koma gefe yana gyaɗa kai. Da yamma, matarsa na durƙushe tana goge tafin ƙafar Sista da kananzir, ya sunkuyo ya raɗa mata, "Kin lura? Tela ya zage ni, amma bai kai ga iyayena ba. Da a makon jiya ne, da ya kai. An fara samun sauƙi."

Sauƙin bai yi masa sauri ba. Ya zauna ya yi tunani, ya gano inda gyara yake: fenti yana waje, mutane suna cikin ɗaki. Ya cire duk fararen ƙwayayen fitila na baranda da matakala da banɗakuna biyun da ake haɗaka, na sama da na ƙasa, ya kulle su a akwatinsa, ya saka shuɗaye. Ya ari tsani ya bi tagogin gidan ta waje, ɗaya bayan ɗaya, ya manne su da shuɗiyar leda. Gidan ya koma kamar ana zaune a cikin kwalbar magani.

A ɓangarensa ma bai bar ko ɗaya ba. Da aka zuba shinkafa, yara suka leƙa kwano suka ja baya.

"Baba, da tawada aka dafa?"

"Bincike ya nuna shuɗi yana rage cin abinci," ya ce, yana murmushi. "Ga kwanciyar hankali, ga sauƙin cefane."

Maman yara ta tattara yaran ta kai su gidan mahaifiyarta, ta ce su zauna can sai ubansu ya warke.

Hedimasta yana da al'adar saukowa da sassafe ya zauna a kujera a gindin matakala yana jiran mai burodi. Ran nan gyangyaɗi ya ɗauke shi, kai a baya, baki a buɗe, ƙwan fitila a saman fuskarsa. Sista ta dawo daga aiki ta turo ƙofa ta gan shi. Ta yar da jaka, ta yi salati, ta janyo shi ƙasa, ta haɗa hannu biyu ta fara danna masa ƙirji tana ƙirgawa.

"Ke! Ke yarinya! Ɗaga ni!"

"Baba! Kana da rai?"

"Da ina da shi, kafin ki zo!"

"Wallahi na ɗauka ka tafi. Fuskarka ta koma irin ta waɗanda muke rufewa."

"Ina zan tafi da silifas ɗaya? Haƙarƙarina! Kin karya min haƙarƙari!"

Tela ya leƙo daga sama yana dariya har da riƙe ciki. Hedimasta ya jefe shi da silifas ɗin da ya rage, ya sami ƙwan fitila. Malam Bincike yana bakin ƙofarsa da buroshi a baki, ido ya cika da hawayen daɗi.

"Maman yara, zo ki gani. Yaushe Sista ta taɓa damuwa da ran Hedimasta? Yau har ƙirjinsa ta danna. Ƙauna ta fara shiga."

Daga nan gidan ya shiga tawaye. Hedimasta ya sayo baƙin tabarau, ya ce ba zai ƙara ba idonsa wannan launin ba, ya riƙa cin karo da bokitai. Tela ya rataye jan yadi a ƙofarsa don neman magana, bayan ya ɗinke koren wando da shuɗin zare bai sani ba. Sista kaɗai ta bar ledar tagarta, don tun da ɗakin ya yi duhu-duhu take samun ɗan barci, amma ta rantse ko za a yanka ta ba za ta faɗa masa ba. Faɗa kuwa sai abin da ya ƙaru. Da can a kan keke kawai ake yi. Yanzu ana yi a kan keke, a kan fenti, a kan haƙarƙari.

Ana gobe Yaya Babba za ta zo, Maman yara ta fara jera tukwanenta a kwali.

"Me kike yi?"

"Ina rage wa kaina aikin gobe."

"Rashin imani da ilimi ke nan. Matsalar ɗaya ce: suna kawar da ido. Amma akwai abin da ba mai iya kauce masa. Bincike ya nuna mutanen da ke zaune a bakin teku sun fi kowa kwanciyar hankali. Tunda ba zan iya kai su teku ba..."

"Kada ka ƙarasa. Ba na so in sani," ta ce, ta ɗauki mayafi ta fita neman ƙarin kwali.

Tankin gidan yana tsakar gida, a kan dogon ƙarfe, baƙin roba ne ƙato. Shi ke ba banɗakuna ruwa. Na sha da na girki kowa sayen nasa yake yi a jarka. Malam Bincike ya fara cika bokiti ɗaya ya ɓoye a bayan ƙofa, don mai bincike ba ya shiga cikin abin da yake bincika. Sannan ya sayo bula, irin wadda ake sa wa fararen kaya a wanki, ya hau tsani, ya buɗe murfi, ya zuba ƙulli ɗaya. Niyyarsa ruwan ya ɗan yi shuɗi-shuɗi, kamar hoton teku a kalanda. Ya leƙa. Baƙi ƙirin. Ya ƙara ƙulli. Ya leƙa. Baƙi. Ya juye duk abin da ya sayo, ya motsa da sandar mofar Sista, ya cusa kai har kafaɗa. Ruwan yana nan baƙi, kamar yadda kowane ruwa yake a cikin baƙin tanki, amma wannan bai faɗo masa a rai ba.

"Jabu ce," ya ce. Ya sauko ya nufi shagon mai sayar da garin rini.

"Me za ka rina, Malam? Yadi ko zare?"

"Hankali."

Mai shago ya dube shi, ya dubi titi ko akwai wanda ya rako shi. "Na mutum nawa?"

"Gida guda."

"To ɗauki wannan. Ba ya zuba."

Ya dawo gida, ya hau tsani, ya juye shi duka. Ya leƙa, har yanzu baƙi. Ya rufe murfi yana tsaki, ya ce ko ɗan kaɗan ne ya kama, jiki zai ji.

Asabar da safe aka ɗauke wuta, gidan ya rage ba haske sai wanda ke ratso leda. Kowa ya yi wanka da wuri, don kowa ya shirya ƙarar da zai kai. A cikin wannan hasken sabulu shuɗi ne, tawul shuɗi ne, bokiti shuɗi ne, don haka ba wanda ya ga laifin ruwa. Hedimasta ya wanke gemunsa har sau biyu, ya taje shi. Maman yara ma ta yi wankanta ta goge baki.

Yaya Babba ta iso da motarta mai buɗaɗɗen baya. Mace ce mai jiki, ga hawan jini, ga ciwon gwiwa. Ta shigo baranda ta tsaya.

"Wannan kuma fa? Gidana ne ko ƙarƙashin ruwa?"

"Yaya, ki ja numfashi. Me kika ji a zuciyarki?"

"Warin fenti."

Ta hau sama ta duba, ta sauko tana haki. Ta shiga banɗakin ƙasa ta wanke fuska da hannu, ta kurkure baki, ta fito tsakar gida inda rana take, ta zauna a kujerar da aka kawo mata. Ta ce a kira mata 'yan haya.

Sista ce ta fara fitowa, da maganarta a baki. Ta gaishe ta, ta ɗago, sai maganar ta tsaya.

"Yaya Babba, tun yaushe leɓenki ya koma haka?"

"Ya koma yaya?"

"Buɗe bakinki. Fito da harshe. Kawo farcenki." Sista ta dubi leɓen, ta dubi farcen, ta saurari hakin. Muryarta ta sauko ƙasa. "Kada ki motsa. Iska ce ta yi ƙaranci a jininki. Jikin mutum ba ya yin shuɗi haka sai abu ya yi nisa."

Daidai nan Tela ya sauko yana cewa, "Yaya Babba, ki dubi abin da ƙanenki ya mayar da ni," ya ware hannuwa biyu. Tafukan shuɗaye ne har tsakanin yatsu. A bayansa Hedimasta ya fito cikin sabuwar farar riga, da baƙin tabarau, da gemu shuɗi fes, tajajje, yana ƙyalli a rana. Maman yara ta buɗe baki za ta yi salati, aka ga haƙoranta. Sista ta juya nata hannun ta duba. Ta zauna a ƙasa.

"Dukanmu ne," ta ce. "Annoba ce."

Ta buga waya asibitinsu ta ce a turo mota, a zo da kayan kariya. Hedimasta ya cire tabarau, ya janyo gemunsa ya gani, ya mayar da tabarau. Ya ba da umarni a rufe get, ba shiga ba fita. Maƙwabta suka ji, suka jeru a kan katanga, masu toshe hanci da mayafi, masu ɗaga yara su gani.

Tsakar gidan ta yi tsit. Suka zauna a jere a kan bencin nan, kowa yana sauraron numfashinsa. Tela ne ya fara fashewa da kuka.

"Sista, ki yafe min. Wani lokacin babu ɗinkin ma. Keken kawai nake takawa don ki ji."

"Na yafe, Tela. Ni ma ka yafe min. Duk ranar da wutarka ta ɗauke ita kaɗai, ni ce a wurin mita."

"Ke ce? Har mai gyara na kira sau... ba komai. Na yafe."

"Ni na yafe muku duka," in ji Hedimasta.

"Baba, kai ba za ka nemi tamu ba?"

"Na duba ban ga laifina ba. Amma ku yafe, ko da akwai."

Tela ya kama hannunsa, Sista ta kama ɗayan. Yaya Babba tana kallonsu, hawaye na bin kumatunta yana barin layi.

"Ƙanena," ta ce, "matso. A'a, tsaya nan, kada ka ɗauka. Kai kaɗai Allah ya tsare. Na sha yi maka faɗa, amma uwa ɗaya ta haife mu. Ga shaidu. In ta Allah ta kasance, gidan nan kai za ka ci gaba da riƙe shi. Ba mai tayar da kai."

Maman yara ta juya ta dubi mijinta. Ta dubi tafin hannunsa fari tas. Ta dubi tsanin da ke jingine da tanki, da sandar mofa a gindinsa, shuɗiya har rabi. Ta tuna teku. Ta matso a hankali, ta ɗora dunduniyarta a kan babban yatsansa ta danna.

"In ka buɗe bakin nan," ta ce ta tsakanin shuɗayen haƙora, "ni da kai ne. Ka yi kuka kawai. Da yamma mu zubar da ruwan."

Ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Ya cije leɓe. Ya kalli ƙasa. Ya kalli sama, wadda bincike ya nuna tana taimakawa. Motar asibiti ta iso da jiniya, ma'aikata biyu suka shigo a rufe tun daga kai har ƙafa, unguwa ta cika ƙofar gida. Har nan bakinsa a rufe yake.

Sai mai kantin da ke kallon gidan ya ce daga kan katanga, "Ikon Allah. Gidan da ba ma jin kiran waya saboda faɗansu, yau ga su hannu cikin hannu."

"Tsoron mutuwa ke nan," in ji wata mata. "Shi kaɗai ke gyara mutum."

"Wane tsoron mutuwa?"

Malam Bincike ya zare ƙafarsa daga ƙarƙashin ta matarsa, ya shiga tsakiyar fili, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, a daina ba mutuwa abin da ba nata ba! Wannan aikina ne! Ni na yi! Yaya, kin ce in kin tarar da mai ɗaga murya in koma gona. To saurara. Kin ji muryar wani? Dube su! Na gwada ta bango, suka ƙi. Na gwada ta fitila, suka sa tabarau. Sai na bi ta ruwa. Wanka ɗaya! Wanka ɗaya tak, ga Tela yana kuka a kafaɗar Hedimasta. Bincike ya nuna, ni kuma na tabbatar!"

Ɗaya daga ma'aikatan asibitin ya jiƙa auduga ya goga a tafin Yaya Babba. Audugar ta yi shuɗi. Tafin bai canza ba.

"Ba ya zuba," in ji Malam Bincike. "Mai kyau na saya."

"Me ka zuba mana a ruwa?" Yaya Babba ta tambaya, a hankali ƙwarai.

"Ɗan kaɗan ne, Yaya. Ko gani ba a yi a cikin tankin. Bari in nuna muku, ku ga irin kyan launin."

Ya shiga ƙarƙashin tanki, ya miƙa hannu ya kama toshiyar da ake buɗewa in za a wanke shi. Maman yara ta ce, "Malam." Ya ce zai ɗan sassauta ne kawai. Ya murɗa sau ɗaya, toshiyar ta fito a hannunsa.

Ruwan da ya sauko ba irin na kalanda ba ne. Kauri gare shi, har da gudajin garin da bai narke ba. Ya same shi a fuska yana tsakiyar cewa "kun gani". Ya zaunar da shi, ya kwantar da shi, ya ci gaba da zuba. Ya yi ƙoƙarin mayar da toshiyar, ruwan ya bi hannun riga ya fita ta wando. Sai da tankin ya ƙare tas. 'Yan kan katanga suka yi ta dariya har wani ya faɗa ta baya.

Murya ta dawo wa kowa lokaci ɗaya.

"Tun kafin a haife ka nake gyaran gemun nan!" in ji Hedimasta.

"Na tara asibitinmu a kan rini! Da wane ido zan koma aiki?" in ji Sista.

"Ni da na tona wa kaina asiri a banza fa?" in ji Tela. Ya juya wurin Sista. "Af, ashe ke ce a mita?"

"Ka riga ka yafe. A gaban shaidu."

Tela ya buɗe baki, ya dubi shaidun a kan katanga, ya rufe.

Ma'aikatan asibitin suka auna jinin Yaya Babba kafin su tafi. Ya hau fiye da yadda ya taɓa hawa. Ta sha maganinta da ruwan jarka, ta miƙe, ta tako har inda ƙanenta yake zaune a cikin tabo, ba abin da ake gani fari a jikinsa sai ido.

"Kawo makullan."

Ya miƙa. Ta juya ta saka su a hannun Maman yara.

"Ke za ki riƙe gidan nan. Ki ɗauko yaranki ku zauna. Shi kuma gona, yau ɗin nan, shi kaɗai. Sista, har yanzu za ki tashi?"

Sista ta dubi Tela. Tela ya ce zai sauko da keken zuwa shagon da ke gaban gidan in an ba shi. Maman yara ta ce an ba shi.

"Zan zauna," in ji Sista. "Amma a bar min ledar tagata."

Malam Bincike ya ɗago kai da sauri. Yaya Babba ta nuna masa shuɗin tafinta. Ya mayar da kan.

Ba a taɓa ganin 'yan hayan gidan sun yi aiki tare irin na ranar ba. Tela ya ɗauko akwati, Sista ta ɗauko katifa, Hedimasta ya tsaya yana nuna inda za a ajiye. Yaya Babba ta ce ba zai zauna mata a kujera ba, aka shimfiɗa masa kwalayen tukwane a bayan mota. Ya hau ya zauna, gwiwa a ƙirji, yana ɗiga. Unguwa ta yi layi tana kallo. Bai ce uffan ba.

Maman yara ta daɗe tana dubansa, sannan ta zagaya wurin tagar mota.

"Yaya Babba, tun da na aure shi ban taɓa ganin ya yi shiru haka ba."

Yaya Babba ta gyara madubi ta ƙare masa kallo.

"Akwai ragowar garin?"

"Na ga ɗan kaɗan a gindin leda."

"Adana min shi," ta ce, ta tayar da mota. "In ya fara dawowa hayyacinsa, zan aiko a karɓa."